Hangen Wata Ba Sauka Wata Ba Ne

Ranar 23 ga Agustan 1963, Firayim Ministan Nijeriya, Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ɗaga kan waya ya gaisa da Shugaban Amurka John Kennedy. Gaisuwar ba ta bi ta igiyar da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku ba. Wani jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar Ikko ne ya cilla ta sama, ta yi tafiyar kusan kilomita 36,000, ta taɓo wani tauraron ɗan'adam da ake kira Syncom 2, sannan ta gangaro. Kafin su ba a taɓa samun shugabannin ƙasashe biyu da suka yi magana ta wannan hanya ba.

A ranar nan Indiya ba ta taɓa harba ko roka ɗaya ba. Sai bayan wata uku, cikin Nuwamba, ta harba ta farko daga wani ƙauyen masunta mai suna Thumba, rokar ma ba ƙirarsu ba ce, daga Amurka ta zo. Wani tsohon coci ne ofishinsu. Akwai sanannen hoto na wancan zamani, ana tura kan roka a bisa keke kamar mai kai buhun gawayi kasuwa. To ku lissafa shekara 60 cif daga waccan wayar ta Ɓalewa. Ranar 23 ga Agustan 2023 kumbon Indiya, Chandrayaan-3, ya sauka lafiya kusa da kudancin ƙuryar duniyar wata, yankin da babu ƙasar da ta taɓa sauka kusa da shi haka.

Ƙannena, ban kawo wannan don in tayar muku da tsohon miki ba. Na kawo shi ne domin duk sanda aka yi wani babban labari na sararin samaniya, sai in ga idanunku sun yi haske, sai in ji wani ya ce shi ɗan sama jannati zai zama. Ina jin daɗin wannan buri, kuma ba zan kashe shi ba. Sai dai na lura duk kallonku yana kan mutumin nan guda mai farin sulke da kwano a ka. Masu tura keken nan kuwa ba mai kallonsu, alhali su ne suka kai Indiya wata.

Bari mu fara cire ƙaya, sai mu ji daɗin tafiya. A 2021 hukumar NASA ta Amurka ta ɗauki sababbin 'yan sama jannati. Mutum sama da 12,000 suka nema, 10 aka zaɓa, kuma sharaɗin farko kafin ma a duba takardunka shi ne ka zama ɗan Amurka. Hukumar Turai ta yi nata ɗaukar a 2022: sama da 22,000 suka nema, aka tsayar da 17, a cikinsu ma biyar kaɗai aka ba aikin kai tsaye, saura aka ce su jira. Tun daga Yuri Gagarin na Rasha da ya fara zagaya duniya a 1961 har yau, duk waɗanda suka leƙa sararin samaniya ba su cika dubu ɗaya ba. Waɗanda suka taka wata da ƙafarsu 12 ne, na ƙarshensu ya baro can tun Disambar 1972. Wanda ya ɗora rayuwarsa kacokan kan wannan kujera, ya sani allura ce cikin ruwa.

Akwai dai masu rabon ɗauka. José Hernández ɗan 'yan ƙwadago ne masu bin gonakin Kaliforniya suna tsinkar kayan lambu, bai iya Turanci sosai ba sai da ya kai shekara 12. Sau 11 yana nema ana mayar da shi, a na 12 aka ɗauke shi a 2004, ya tashi a 2009. Mutane kan ba da labarinsa su tsaya kan naci, ni kuwa abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya yi tsakanin kora da kora. Bai zauna jiran tsammani ba. Ya duba me waɗanda aka zaɓa suka fi shi, ya koyi tuƙin jirgin sama, ya koyi ninƙaya a ƙarƙashin ruwa, ya koyi Rashanci. Kuma duk tsawon lokacin nan cikakken injiniya ne mai cin abincinsa, har ya taimaka wajen ƙera na'urar gano sankarar mama. Da ba a taɓa ɗaukarsa ba ma, ba a ce ya yi asarar rayuwa ba.

Yanzu ku juyo da idonku ƙasa. Lokacin da Neil Armstrong ya sa ƙafa a wata cikin Yulin 1969, mutum wajen 400,000 ne suka yi aikin da ya kai shi. Su waye? Ga misali ɗaya da na san zai ba ku mamaki. Sulken nan da kuke sha'awa, teloli ne suka ɗinka shi. Mata ne a wani kamfani da asalin sana'arsa ɗinkin kamfai da rigar mama ce, suka zauna gaban keken ɗinki suna haɗa ƙyalle da roba har ninki 21, kuma ba a yarda allura ta kauce ko da kaurin tsinke ba. In aka manta fil guda a cikin ninkin, ran mutum ne. Ƙwaƙwalwar kwamfutar kumbon kuwa saƙa ta aka yi, a zahiri ba da misali ba: wasu mata ne, da yawansu tsofaffin ma'aikatan masaƙa, suke zura siririyar waya ta cikin ƙananan zobba ko ta gefensu, ta ciki na nufin ɗaya, ta gefe na nufin sifiri. Manhajar da suke saƙawa kuma wata matashiya ce, Margaret Hamilton, ke jagorantar masu rubuta ta. Ana saura 'yan mintoci a sauka wata kwamfutar ta fara ƙarar gargaɗi, aiki ya yi mata yawa. Ba ta tsaya cak ba, domin an riga an tsara mata cewa in kaya suka yi nauyi ta ajiye marasa muhimmanci ta riƙe na sauka. Wani ne ya zauna a ƙasa, shekaru kafin ranar, ya hango wannan matsalar.

Kafin wannan ma, a Fabrairun 1962, da John Glenn zai zama Ba'amurke na farko da zai zagaya duniya, bai gamsu da lissafin sabuwar kwamfuta ba sai da ya ce a ba Katherine Johnson ta bi shi da hannu. Baƙar fata ce, wadda ta fara aiki a zamanin da a ma'aikatar tasu ko banɗaki an raba na farare da na baƙaƙe. Ta zauna ta bi lissafin, ya yi daidai, sannan ya hau. Da ya tashi kuwa, a cikin tashoshin da aka kakkafa a faɗin duniya don bin sawunsa da jin muryarsa, ɗaya a Kano take. Eh, Kanon Dabo. Kumbon ya ratso ta saman Afirka ta Yamma, aka yi magana da shi daga can. Da yawa daga Kanawan yau ba su san an yi haka ba.

Kun ga ke nan aikin sama a ƙasa ake yin sa. Tela na da wuri a ciki, mai walda na da wuri, da likita, da mai lissafi, da masanin duwatsu, da mai dafa abincin da zai shekara bai lalace ba, da lauyan da ya san dokar rabon zangon sadarwa tsakanin ƙasashe. Amma akwai hali biyu da in babu su ba a shiga wannan gida ta kowace ƙofa, kuma su ne dalilin wannan rubutu, domin dukkansu biyu mun yi sakaci da su.

Na farko awo. A Satumbar 1999 Amurka ta yi asarar wani kumbo da ta aika duniyar Mars don nazarin yanayi, kumbon da ƙirarsa ta ci dala miliyan 125. Ya yi wata tara yana tafiya lafiya, ya iso bakin ƙofa, ya ɓace. Da aka bincika, ba wani abu ba ne illa saɓanin ma'auni. Kamfanin da ya ƙera shi yana ba da ƙarfin turin injin da ma'aunin Ingilishi, masu tuƙa shi daga ƙasa suna karantawa da ma'aunin mita, tsakanin biyun kuwa akwai ninki huɗu da rabi. Kamar ka yi cinikin hatsi da tiya, mai awo ya auna maka da gwangwanin madara, kowa na ganin ya yi daidai. Kumbon ya yi ƙasa fiye da kima, iskar Mars ta cinye shi. Haka madubin na'urar hangen nesa ta Hubble da aka harba a 1990: an goge shi sumul, amma gefensa ya kauce da abin da bai kai kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin silin gashi ba. Wannan ɗan abin ya sa hotunanta suka fito dishi-dishi, sai da aka tura mutane sama a Disambar 1993 suka sa mata tabarau.

Ni kuwa na taɓa kai wa wani tela yadi, ya auna ni da ido daga inda yake zaune, ya ce ai ya gane. Da rigar ta fito hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya dube ni ya ce, “Alhaji a yi maneji, ba mai lura.” Dariya na yi a lokacin. Daga baya na ga ba shi kaɗai ba ne, kalmar ta zama mana addini. Makaniki ya ɗaure noti uku cikin huɗu, ya ce a yi maneji. Birkila ya rage siminti, a yi maneji. Ɗalibi ya samu amsa kusa da daidai, bai rubuta ko mita ce ko kilomita ba, malam ya ba shi maki don tausayi. Ƙanena, in wannan hali ya zauna maka a jini, ko wace jami'a ka je ba za ka iya aikin sama ba. Can babu gefen hanya da za a faka a buɗe bonet. Kuma ba sai ka shiga jami'a za ka fara gyara shi ba. Daga yau in ka yi lissafi ka sake bin sa ta wata hanya dabam. In ka auna abu ka rubuta da me ka auna. In ka kwafi amsar wani ka ci jarrabawa, ka sani ka ɗinka wa kanka sulke ne da fil a ciki.

Na biyu ya fi wuya, musamman a gare mu, don haka zan daɗe a kansa. Daren 27 ga Janairun 1986, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin gefe na kumbon Challenger suka ce kada a tashi gobe. Dalilinsu wani zoben roba ne da ke toshe mahaɗar rokar don kada wuta ta tsiyayo. Sun ga alama a tashin da aka yi a baya cewa in sanyi ya yi yawa robar kan sandare, ba ta komawa mazauninta da wuri, gobe kuwa za a yi sanyin da ba a taɓa tashi a cikinsa ba. Ɗaya daga cikinsu, Roger Boisjoly, ya riga ya rubuta gargaɗi tun watanni shida kafin nan. Aka yi ta ja-in-ja ta waya. An riga an ɗaga tashin sau da yawa, ga wata malamar makaranta a cikin matafiyan, yara na jiran kallo a talabijin a faɗin ƙasar. Daga ƙarshe manyan kamfanin suka keɓe, aka ce wa shugaban injiniyoyin ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Suka sa hannu. Da safe kumbon ya tashi, bayan daƙiƙa 73 ya tarwatse, mutum bakwai suka mutu. A wajen bincike wani masanin kimiyya, Richard Feynman, ya tsoma guntun robar nan cikin kofin ruwan ƙanƙara a gaban kowa, ya fito da ita a sandare. Abin da yaro zai iya gwadawa a tsakar gida.

Mun taso ana ce mana abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A sha'anin zaman duniya, aure da zumunci da sanin halin mutane, maganar nan gaskiya ce, kuma ban ce ku yar da ita ba. Amma roba ba ta san furfura ba. Wanda ya riƙe ma'auni ya auna, shi ya hango, ko da shi ne auta a ɗakin. Kunya ado ce, ladabi kuma gado ne da ba zan so ku sayar ba ko nawa aka taya. Sai dai akwai wata kunya da ba ta da maraba da cin amana, wato ka ga ɓaraka ka yi shiru don kada a ce ka yi wa na gaba musu. Abin da za ku koya shi ne haɗa biyun. Ka rusuna, ka ce, “Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ga abin da awo ya nuna,” ka ajiye takardar a gabansa, kuma kada ka janye ta don ya haɗe rai. In ya ƙi, ka rubuta, ka sa kwanan wata. Boisjoly bai ci riba ba, abokan aiki sun juya masa baya, ya bar kamfanin. Amma yau labarinsa ake koya wa ɗaliban injiniya, sunayen waɗanda suka sa hannun kuwa sai an bincika. Abin takaici, bayan shekara 17 hukumar NASA ta sake maimaita irin wannan: a 2003 wani guntun soso ya fasa fiffiken kumbon Columbia wajen tashi, ƙananan injiniyoyi suka nemi a ɗauki hoton wurin, aka ce ba komai. Wasu bakwai suka tafi.

In kuwa wata rana kai ne babban, ga abin koyi daga Indiya. A 1979 rokarsu ta farko ƙirar gida mai ɗaukar tauraron ɗan'adam ta faɗa teku. Mai jagorantar aikin Abdul Kalam ne, Musulmi ɗan mai kwalekwale, wanda ya yi tallan jarida yana yaro, wanda kuma ya so zama matuƙin jirgin yaƙi ya zo na tara alhali takwas ake nema. Shugaban hukumar, Satish Dhawan, shi ya fita gaban 'yan jarida ya ɗauki laifin. Da aka yi nasara a 1980 sai ya tura Kalam ya je ya yi bayani. Kalam ya zama shugaban ƙasar Indiya a 2002, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana ba da wannan labari. Inda ake yi wa kuskure haka, ƙananan ma'aikata ba sa ɓoye shi. Shi ya sa da kumbonsu ya faɗi a wata a 2019 ba a watse ba, aka zauna aka tsefe abin da ya faru, bayan shekara huɗu aka sauka.

To mu fa? Ba a ce ba mu yi komai ba. Nijeriya ta kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA a 1999. A Satumbar 2003 aka harba tauraron NigeriaSat-1 daga Rasha, ƙirar wani kamfanin Ingila, kuma hotunansa sun yi amfani har a Amurka lokacin guguwar Katrina ta 2005. Tauraron sadarwa na farko, NigComSat-1, da aka harba daga Sin a 2007, ya mutu bayan shekara ɗaya da rabi saboda matsalar farantan hasken rana, aka maye gurbinsa a 2011. A shekarar ce kuma aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila. Akwai cibiyar nazarin hotunan tauraron ɗan'adam a Jos, akwai ta awon ƙasa a Toro ta jihar Bauchi, akwai ta horarwa a Ile-Ife. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET tun 1974, mai bin damina da fari da farin ɗango a ƙasashen Sahel. Ɗaliban wata jami'a a Koforidua sun haɗa wa Gana ɗan ƙaramin tauraronta a 2017. Ra'ayina dai shi ne mun fi ƙwarewa a bikin harbawa fiye da zaman karanta abin da tauraron ke aikowa. Harbawa rana ɗaya ce, da jawabi da tafi. Karatun kuwa aikin kullum ne, ba kyamara, kuma nan ne gurbinku yake a buɗe.

Ku duba Tafkin Chadi. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, zuwa tsakiyar shekarun 1980 ya rage bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Masunta sun ga ruwa na ja da baya a gabansu, amma daga sama ne aka ga girman abin gaba ɗaya. Farouk El-Baz, Bamisiren da ya taya NASA zaɓen wuraren sauka a wata kuma ya koya wa 'yan sama jannati karatun duwatsu, da ya gama da wata sai ya juyo da idon nan kan hamada, ya yi ta gano hanyoyin tsofaffin koguna da rairayi ya binne, inda ake sa ran ruwa a ƙarƙashi, har a Darfur. Cheick Modibo Diarra, ɗan Mali, ya yi aikin lissafa wa kumbuna hanya zuwa Venus da Jupiter da Mars. Ba ɗayansu da ya taɓa barin doron ƙasa.

Wani abin ma har gida yake iske mu. A Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a Zagami ta ƙasar Katsina, 'yan taku kaɗan daga wani manomi da ke korar tsuntsaye a gonarsa. Daga baya masana suka tabbatar ɓallin duniyar Mars ne. Ƙasashe na kashe biliyoyin daloli suna neman hanyar ɗebo irinsa, mu ya faɗo mana a gona. Yau gutsattsarinsa na ɗakunan bincike da hannun 'yan kasuwa a faɗin duniya, kuma sunan Zagami ya fi sanuwa a bakin masana duwatsun sama fiye da a bakin ɗaliban Katsina. A 2023 aka tsinci wani a yankin Agadas, kilo kusan 25, mafi girman ɓallin Mars da aka taɓa samu a duniya. A Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a New York kan dala miliyan biyar da 'yan kai, sai daga baya gwamnatin Nijar ta buɗe binciken yadda aka yi ya fita. Da akwai yaranmu masu ilimin duwatsu, da ɗakin gwaji, da doka mai haƙori, da labarin ya sha bamban.

Na san akwai mai ce muku wannan ilimin na Nasara ne, ko ma ya ce zuwa wata ƙarya ce aka shirya a ɗakin fim. Kada ku yi faɗa da shi. Ku gaya masa an kawo duwatsu kilo 382 daga can, masana na ƙasashe da dama sun gwada su, kuma madubban da aka bari a wata har yau ana harba musu haske daga ƙasa yana dawowa. Rasha, wadda ta fi kowa son a ce ƙarya ne, ba ta taɓa musantawa ba. Batun na Nasara kuwa, a kan watan nan akwai ramuka masu sunan Albiruni da Albattani da Alkhawarizmi. Malam Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a lissafi da ilimin falaki. Kakanninmu da Kaza da 'Ya'yanta suke gane damina, da Gamzaki suke sanin asuba ta kusa. Da likitan Malesiya Sheikh Muszaphar Shukor zai je tashar sararin samaniya cikin azumin 2007, inda rana ke fitowa ta faɗi sau 16 a kwana guda, malaman ƙasarsa ba su ce haramun ba ne. Zama suka yi da masana kimiyya suka fitar masa da yadda zai yi salla da azumi da fuskantar alƙibla.

Ke kuma ƙanwata, kada wani ya ce miki wannan fagen maza ne. Kumbon Hadaddiyar Daular Larabawa mai suna Amal, wanda ya isa Mars a Fabrairun 2021, Sarah Al Amiri ce shugabar sashen kimiyyarsa, da lulluɓinta, tana 'yar shekara talatin da 'yan kai. Wani ɗan jirgi mai saukar ungulu da ya tashi a Mars, wanda aka tsara ya tashi sau biyar ya yi 72, MiMi Aung ce ta jagoranci ƙera shi, wadda ta taso a ƙasar Bama.

Abin yi ba shi da yawa, nauyi ne da shi. Lissafi shi ne ƙofa, babu taga. Wanda ya gudu daga aljabra a aji uku na sakandare ya rufe wa kansa ita, sai dai ana iya komawa a buɗe, ko da za ka zauna da ƙaninka ya koya maka. Ka riƙe fiziks. Ka iya Turanci ko Faransanci har ka karanta littafin fasaha ba tare da tafinta ba, ba don sun fi Hausa ba, sai don a cikinsu aka ajiye kayan. Ka koyi rubuta manhaja, Python ta isa farawa. Ka koyi aikin hannu, ka je wurin mai gyaran rediyo ko waya ka iya riƙe dalma, don injiniyan da bai taɓa ƙona yatsa ba rabin injiniya ne. A jami'a kada ka tsaya neman kwas mai kalmar sararin samaniya a sunansa. Injiniyan lantarki, na inji, kwamfuta, safiyo, labarin ƙasa, ilimin duwatsu, nazarin yanayi, duk hanya ce. Kuma ka yi hattara da masu tallan gurbin karatu ko aikin NASA a WhatsApp da Facebook suna neman kuɗin fom. Hukumar kirki ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum.

Ga aikin da nake roƙonku ku yi cikin wannan hutun. Hotunan taurarin Landsat, waɗanda ke ɗaukar duniya tun 1972, kyauta ne tun 2008. Na Sentinel-2 na Turai su ma kyauta ne, suna wucewa ta kan garinku kusan duk kwana biyar, kuma suna rarrabe fili mai faɗin mita goma. Manhajar QGIS da ake buɗe su da ita ba a biyan ko kwabo. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku yi karo-karon kuɗin data, ku ari kwamfuta. Ku sauko da hoton garinku na 1986 da na bara, duka na wata ɗaya, ku jera su. Ku auna nawa dajin ya ragu, ina fadamar ta koma, gidaje nawa aka gina a kan hanyar ruwa. Ku rubuta da me kuka auna. Sannan ku ɗauki takardar ku kai wa mai unguwa da malaminku na labarin ƙasa, ku rusuna ku gaishe su, ku nuna musu.